Kundin aikin littafin Ramin Kuza

4 ga Oktoba, 2025

Yau Asabar na karɓi aikin, kuma daga yau zan riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da aka kashe, da abin da ya rage. Ƙanena da abokansa biyu, waɗanda suka karanci kimiyyar kwamfuta, sun daɗe suna gina wani wasan bidiyo na wayar hannu a ɗakin da suka kama a Unguwar Rogo, nan Jos, sun kuma sa masa suna Ramin Kuza. Abin da suka nema a wurina shi ne in rubuta cikakken littafin almara da Hausa, wanda labarinsa zai gudana a cikin duniyar wasan, domin ya fito tare da shi ko kafin shi.

Duniyar da suka ƙirƙira ƙasa ce a kan tudu, mai sanyi da manyan duwatsu, wadda mutanenta ba su da sana'ar da ta wuce haƙar kuza. Sun yi ta nutsawa cikin ƙasa har suka iske wasu mutum-mutumi na yumɓu da aka binne tun zamanin da babu mai tunawa, kuma ranar da diga ta fasa kan ɗaya daga cikinsu sai ruwa ya ɓulɓulo ya cinye ramukan, ya bar kududdufai bakwai, kowanne da mai gadinsa. Mai wasa yana sarrafa wani yaro marar suna, da diga a hannu da fitila a goshi, yana sauka mataki bayan mataki har ya kai ƙarƙashin na bakwai. Duk wanda ya tashi a Filato ya san inda suka samo wannan hoton, domin tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika suna nan tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, kuma ba a daina jin labarin yaran da suka nutse a cikinsu ba.

Sun ba ni takardun da suke aiki da su: taswirar da aka zana da hannu, jerin halittu, da dokokin wasa. Kowane dodo an rubuta ƙarfinsa da saurinsa da lambobi, an faɗi makamin da ke kashe shi da ladan da ake samu, amma babu layi ɗaya da ya faɗi abin da mutanen ƙasar ke ci, ko wa ke mulkinsu, ko abin da uwar yaron nan ta ce ranar da ya saɓa diga. Daga nan aikina zai fara. Na sayi littattafan rubutu biyu da biro a kan naira 2,300, na kuma sa data ta naira 5,000.

9 ga Oktoba

Na ɗauki kwanakin nan ina bin yadda waɗanda suka riga mu suka yi, domin wannan sana'a ta daɗe a ƙasashen waje, ko da yake a Hausa ban taɓa riƙe littafi irinsa ba. Hanyoyin da na gani ba ɗaya ba ne. Akwai masu ɗaukar labarin wasan yadda yake su mayar da shi rubutu, kamar yadda aka yi wa Assassin's Creed tun daga 2009. Akwai masu komawa baya su ba da labarin abin da ya faru kafin wasan ya soma. David Gaider, wanda a lokacin shi ne babban marubucin wasan Dragon Age a kamfanin BioWare na Kanada, ya fitar da littafinsa na farko a 2009, watanni kafin wasan ya shiga kasuwa, kuma labarin ya gudana ne kimanin shekara 30 kafin abin da mai wasa zai tarar. Haka littafin farko na Halo, wanda Eric Nylund ya rubuta, ya riga wasan fitowa da 'yan makonni a 2001. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Warcraft: kamfanin Blizzard ya soke wani wasa da ya yi nisa da ginawa a 1998, sai aka miƙa labarinsa ga marubuciya Christie Golden, ta mayar da shi littafi a 2001, ta haka ne masu karatu suka san tasowar Thrall, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin wannan duniya. The Witcher kuwa ta ɗaya gefen ya biyo, domin Andrzej Sapkowski ya soma labaransa a Foland tun 1986, wasan farko bai fito ba sai 2007. A nahiyarmu ma, kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da wasan Aurion a 2016, daga baya ya mayar da labarin cikin littattafan zane.

Hanya ta farko ba ta kwanta mini ba. Wanda ya buga wasan ya riga ya san ƙarshe, kuma da hannunsa ya kai can, don haka babu abin da zai sa ya biya kuɗi a sake ba shi labarin abin da ya aikata. Wanda bai buga ba kuwa zai ga tauraro yana tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa yana kashe abin da ya tare shi, ba tare da ya san dalili ba. Na yanke shawarar komawa baya. Littafin zai ba da labarin shekarar da ruwa ya ci ramukan, ta bakin wata mace mai wankin kuza, wadda na sa wa suna Talatu, kuma ita ce za ta zama kakar yaron da ke cikin wasan. Na kira ƙanena na gaya masa, ya ce, "Yaya, in dai ba ka taɓa mana dodanni ba, sauran naka ne."

11 ga Oktoba

Sun sa mini wasan gwaji a waya, matakai uku na farko kawai ke aiki. Na buga har na kai bakin kududdufi na biyu. Zanen duwatsun ya yi kyau ƙwarai, sautin ɗigar ruwa a cikin rami ma ya dace. Ban rubuta komai ba yau.

18 ga Oktoba

Babi na ɗaya da na biyu sun kammala a daftarin farko, amma da na karanta su da babbar murya jiya da dare na ga ba za su tsaya ba, kuma na gano inda cutar take. Dokokin wasa sun shigo cikin labarin. A wasan, yaron yana mutuwa sau da yawa, sai ya tashi a bakin ramin da ya bari, fitilarsa a kunne, ya sake gwadawa. Wannan shi ne daɗin wasa, domin mutuwa a can darasi ce kawai, mai wasa na koyon inda zai taka da inda zai kauce. Takardun da aka ba ni duka an gina su a kan wannan fahimta, shi ya sa dodon da ke gadin kududdufi na ɗaya aka rubuta cewa yana kashe mutum da bugu uku, kuma ganyen da ke tsirowa a bangon rami yana mayar da rabin lafiya nan take. Da na bi wannan a rubuce, sai mijin Talatu ya karye a ƙafa a shafi na tara, ya tauna ganye, ya tashi da gudu a shafi na goma. Babu mai karatun da zai ji tsoro saboda mutumin da rauni ba ya zama a jikinsa.

Abin da littafi ke iya yi, wanda wasa ba ya iyawa cikin sauƙi, shi ne ya sa abu ya faru sau ɗaya, ba a sake shi. Don haka na kafa wa kaina doka: a cikin littafin nan wanda ya mutu ya mutu, za a yi masa wanka a binne shi, a zauna makoki, matarsa ta shiga takaba, kuma bashin da ya bari zai bi 'ya'yansa. Ganyen yana nan, tunda yana cikin duniyar, amma zai rage zafi ne kawai na dare ɗaya, washegari ƙafar ta kumbura. Mijin Talatu zai yi ɗingishi har ƙarshen littafin, kuma ɗingishin ne zai hana shi fita ranar da ruwa ya zo.

Akwai matsala ta biyu mai kama da wannan. Wasa yana aiken mutum: je ka samo mabuɗi, kawo duwatsu biyar, kunna fitilu huɗu. Hannu na jin daɗin wannan, ido kuwa a kan takarda gajiya yake yi. Na cire duk wani aike da ba ya canza zuciyar wanda aka aika. Babi biyun sun koma ɗaya. Na kai daftarin shagon buga takardu don in yi gyara da jan biro, an caje ni naira 1,400.

22 ga Oktoba

Sabon babi na ɗaya ya tsaya. Na soma na biyu, inda Talatu ke rigima da mai awon kuza a kan ma'auni. Aikin makaranta ya ci yawancin makon.

25 ga Oktoba

Na je Gidan Tarihi na Jos da safe domin in ga kawunan yumɓu na Nok da idona, tunda daga gare su aka ɗauko mutum-mutumin da ke cikin wasan. Alaƙarsu da kuza ba ƙirƙira ba ce: a wurin haƙar kuza aka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna ta yau, kuma Bernard Fagg, wanda ya bi diddiginsu, shi ne ya kafa wannan gidan tarihi a 1952. Na daɗe a gaban wani kai guda. Idanunsa masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar kowanne da rami mai zurfi, an huda hanci, gashin kuma an yi masa kitso tulu-tulu da kulawar da ke nuna cewa wanda ya gina shi ya san mai irin wannan kitso. A wasan an zana su da jajayen idanu da haƙora a waje. Abin da na gani ba shi da fushi ko kaɗan, kallo ne na mutumin da ya daɗe yana jira. Haka zan rubuta su, kuma ina ganin za su fi ba da tsoro a haka.

Daga nan na zaga ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Na zana yadda bakan gizo ke riƙe rufin soro, domin fadar Sarkin Haƙa da ke babi na huɗu tana buƙatar rufin da za a yarda da shi. Kuɗin Keke Napep da na shiga da ruwan sha sun kama naira 2,500.

1 ga Nuwamba

Wani abokin aikina ya haɗa ni da kawunsa a Bukuru, dattijon da ya yi aikin kuza tun yana saurayi, a zamanin kamfanoni, ya kuma ci gaba da haƙa da hannu bayan farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, manyan injuna suka tsaya. Na kai masa goro da sukari. Na ce, "Baba, so nake ka gaya mini yadda ake ji a cikin rami." Ya ce, "Ɗana, ba ji ake ba, saurare ake."

Ya yi mini bayanin ramukan da suke kira loto, masu faɗin da bai wuce na rijiya ba, waɗanda ake sauka da igiya, in an kai ƙasar da ke ɗauke da kuza sai a bi ta a kwance, mutum na rarrafe. Ya ce ƙasa ba ta rufta wa mutum ba tare da ta yi magana ba, sai dai in bai saurara ba: yashi kan fara zubowa siriri a kan wuya, sannan a ji wani ɗan ƙara a sama, wanda ya tsaya ɗaukar kwanonsa a lokacin shi ake haƙowa. Ya nuna mini yadda mata ke wanki. Ya ɗebi ƙasa a ƙwarya, ya zuba ruwa, ya riƙa juya ta a hankali yana karkatar da baki, jar ƙasa da farin yashi na fita, har abin da ya rage a gindin ƙwaryar ya zama baƙin gari mai nauyi da bai fi cikin cokali ba. Ya sa na ɗaga ƙwaryar domin in ji yadda ɗan wannan abu ya fi kamanninsa nauyi. Hannayensa duk sun tsattsage, ya ce sanyin ruwan Disamba ne ya bar masa wannan.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardun wasan, kuma su ne za su riƙe littafin. Talatu yanzu tana da hannaye, tana da ciwon baya, ta san nauyin abin da take sayarwa, don haka in mai awo ya danne ta za ta gane tun kafin ya buɗe baki. Na dawo na sake rubuta rigimar ma'auni daga farko. Goro, sukari da mota, naira 6,000.

8 ga Nuwamba

Wannan makon ya zo da koma baya mafi girma tun da na fara. Na je Unguwar Rogo da babi biyar a hannu domin in karanta musu, sai na tarar da sabuwar taswira manne a bango. Kududdufai bakwai sun koma biyar, kuma birnin da ke bakin na shida, wato inda Talatu take zaune, inda fadar take, inda kusan duk abin da na rubuta ya gudana, an share shi. Dalilinsu na da ƙarfi. Wasan ya yi nauyi, ƙananan wayoyin da yawancin mutanenmu ke riƙewa ba sa iya ɗaukarsa, yana tsayawa ko wayar ta yi zafi, kuma wanda zai sauke shi da datarsa ba zai yarda da babban fayil ba. Dole su rage, birnin kuwa shi ya fi cin wuri saboda yawan gidaje da mutane. Sun yanke wannan hukunci tun mako biyu da suka wuce, ba wanda ya tuna ya gaya mini.

Raina ya ɓaci, na kuma faɗa musu. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai sauƙi ne, in mayar da Talatu bakin kududdufi na uku. Na bayyana masa cewa na uku a cikin kwari yake, birnin kuwa a kan tudu, kuma dukan babi na huɗu ya dogara ne a kan cewa masu mulki na zaune a sama inda ruwa ba zai kai ba, mahaƙa na ƙasa. In an sauya wurin, an sauya ma'anar. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, mu lambobi muke gani, ba mu san ka gina gida a wurin ba."

Muka zauna har bayan la'asar, kuma mafitar da aka samu ta fi abin da muke da shi a da. Tunda littafin ya riga wasan da shekaru masu yawa, birnin zai kasance a littafi, a wasan kuwa ya riga ya nutse. Abin da mai wasa zai gani shi ne kan hasumiya ɗaya da ke leƙowa daga ruwa, wanda ba zai ci musu wuri ba. Wanda ya karanta littafin zai san wace hasumiya ce, da wanda ya tsaya a kanta a daren ƙarshe. Kududdufai biyun da aka cire kuma za su haɗe da na biyar a ambaliyar da za ta rufe littafin. Wannan ya tilasta mini sauya ƙarshen da na tsara, domin da so nake birnin ya tsira.

Irin wannan saɓani ba mu muka fara shi ba. Duniyar Warcraft ta tara wasanni da littattafai masu karo da juna har sai da Blizzard ya soma fitar da kundin tarihinta a 2016 domin daidaita su. Mu ba mu da ƙarfin gyara daga baya, don haka muka rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Za a ajiye kundi guda na duniyar, ba mai sauya taswira ko sunan wuri sai an sanar da kowa. Duniyar da halittunta mallakarsu ce, rubutun littafin da mutanen da na ƙirƙira nawa ne, kuma in suna son sa Talatu a wasa na gaba sai da izinina. A manyan kamfanoni marubucin irin wannan littafi ɗan kwangila ne, komai na kamfani ne. Tsakanin wa da ƙani ma gara a rubuta tun ba a fara ganin kuɗi ba.

13 ga Nuwamba

Gyaran babi na uku zuwa na biyar bisa sabuwar taswira. Na dasa alamun nutsewar birnin tun daga farko: rijiyoyin unguwar ƙasa sun soma ɗanɗanon ƙarfe, bangon fada na tsatsafo da rani.

19 ga Nuwamba

Batirin kwamfutata ya mutu gaba ɗaya, ba ta aiki sai a jone, wutar unguwarmu kuwa ba ta da tabbas. An ɗauke ta ina tsakiyar babi na shida, shafukan da ban adana ba suka tafi. Sabon batiri ya ci naira 28,000 a wajen masu gyara da ke kusa da Terminus, wanda shi ne kashe kuɗi mafi girma zuwa yanzu. Daga yau da hannu nake fara rubutu a littafi, in buga da dare, in tura kwafi zuwa imel ɗina kafin in kwanta.

29 ga Nuwamba

Na raba babi shida na farko ga mutum huɗu: malamar Hausa a makarantarmu, wani ɗalibina na da wanda ya haddace littattafan yaƙi, ƙanwar matata da ke karanta littattafan soyayya a waya, da kuma malamina na Islamiyya, wanda na fi jin tsoron hukuncinsa. Yau muka haɗu a gidana.

Ɗalibin ya ce yaƙi ya yi kaɗan, an kai babi na shida ba a zare takobi ba. Ƙanwar matata ta ce ba ta damu da dodanni ba, abin da ya hana ta barci shi ne ko Talatu za ta bar mijinta a rami ta ceci ɗanta. Wannan ya faranta mini rai, domin ba ta taɓa buga wasan ba, ba ta kuma da niyya, ga shi labarin ya riƙe ta. Malamar Hausa ta kama ni a wurare da dama inda maganar mahaƙa ta yi kama da ta 'yan boko, na karɓi gyaranta duka.

Magana mai nauyi daga Malam ta zo. A wasan, mai wasa yana ajiye kuza a gaban mutum-mutumi domin ya sami ƙarin ƙarfi, ni kuma na kawo wannan cikin babi na biyar yadda yake. Malam ya ce, "Wannan da ka rubuta, mutum ya kai wa gunki baiko ya biya masa buƙata, kuma labarin ya nuna ya yi daidai. Yara za su karanta." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai almara ce, kuma littattafanmu na farko cike suke da aljanu." Na kawo masa gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, inda taurarin ke cuɗanya da aljanu ba wanda ya ce uffan. Ya ce ya karanta su tun kafin a haife ni, kuma bai hana aljani ko dodo ba, abin da yake tambaya shi ne wa ake roƙo, kuma me labarin ya ce game da roƙon.

Na kwana ina juya maganar, na ga tana da amfani ga labarin kansa, ba ga tarbiyya kaɗai ba. Ciniki da mutum-mutumi a wasa ba shi da farashi, ka ajiye ka ɗauka ka wuce. A littafi zan bar Sarkin Haƙa shi kaɗai ya yi wannan ciniki, a ɓoye, mutanensa na ƙyamar abin, kuma kowane biyan buƙata zai ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa da kamu ɗaya. Ta haka ambaliyar ta sami sanadi daga hannun mutum, maimakon tsautsayin diga. Na gaya wa masu wasan, suna duba yiwuwar mayar da wurin ajiye kuzan ya zama maƙera, inda ake gyara diga. Shayi da burodi da buga kwafi huɗu, naira 9,200.

6 ga Disamba

Na rubuta yaƙin farko, a babi na takwas. A wasan, faɗa da mai gadin kududdufi ba ya wuce minti biyu, ana kuma maimaita shi har a ci nasara. A littafin faɗa uku ne kacal daga farko zuwa ƙarshe, don haka kowanne sai ya ci wani abu da ba zai dawo ba. Na bar lissafin sara da suka, na tsaya a kan abin da mutum ke iya gani da fitila ɗaya a rami mai faɗin kamu huɗu, wato kusan babu komai sai inuwa da ƙarar ruwa. Kafin su sauka, shugaban mahaƙa ya yi wa kansa kirari, sauran na amsawa, kamar yadda mafarauta da 'yan tauri ke yi. Kirarin nawa ne, na kuma gwada shi da baki sau da yawa har ya hau numfashi. Ƙanena ya ji shi ya nemi izinin sa shi a farkon wasan da muryar mutum. Wannan ne karo na farko da wani abu ya tashi daga littafin ya shiga wasan, na kuma amince.

13 ga Disamba

Sanyi ya sauka sosai, rubutun asuba ya gagara saboda yatsu ba sa riƙe biro. Na mayar da aikin bayan azahar tunda an yi hutun makaranta. Babi na tara da na goma sun kammala, saura huɗu.

20 ga Disamba

Na zaga maɗaba'u biyu domin jin farashi. Littafi mai shafi 160, kwafi 200, da bango mai launi, ɗaya ta ce naira 310,000, ɗayar ta ce 270,000 in na kawo shafukan a shirye. Na ba ta biyun babi na ɗaya domin gwaji, da aka fito da shi sai na ga duk haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun koma ƙananan akwatuna, domin nau'in rubutun da ke kwamfutarsu bai san su ba. Mai shagon ya ba ni shawarar in cire lanƙwasar gaba ɗaya, wai haka kowa ke yi. Ban yarda ba, domin littafin da nake fata ɗalibai su karanta ba zai fita da rubutun da malamansu ke ja wa jan biro ba. Abokin ƙanena zai shirya shafukan da kansa da nau'in rubutun da ke ɗauke da haruffan Hausa, ya rufe fayil ɗin yadda ba zai sauya a wata kwamfuta ba. Gwajin ya ci naira 1,800.

Mai zanen wasan ya yarda ya yi bango a kan naira 35,000, na ba shi rabi. Na roƙe shi kada ya sa dodo, ya zana Talatu da ƙwarya a bakin ruwa, hasumiyar na bayanta. Jimillar abin da na kashe zuwa yau naira 73,700.

Kuɗin bugu ba ya hannuna yanzu, don haka ga tsarin da muka tsayar. Zan gama babi huɗun da suka rage kafin a koma makaranta a Janairu, malamar Hausa ta duba daftarin duka. Babi uku na farko za su fita kyauta a Facebook da WhatsApp, inda masu karanta littattafan Hausa suka fi taruwa yanzu, sauran kuma a sayar ta waya a kan farashi mai sauƙi. Na san duk abin da ya shiga WhatsApp zai yaɗu ba izini, shi ya sa kowane kwafi na takarda zai zo da taswirar birnin kafin ya nutse, wadda babu ita a wasan ko a waya. Abin da aka tara daga masu saye ta waya shi zai biya bugun farko, ko da kwafi 100 ne. Masu wasan sun ce matakai biyar za su kammala a watan Maris, ni kuma ina so littafin ya riga su da wata guda. Gobe zan fara babi na goma sha ɗaya, daren da Sarkin Haƙa ya sauka rami na ƙarshe.